Wasiƙar Ciwon Direba

"Wannan ai rubutun ɗan firamare ne," in ji direban, ya ture takardar. "Ƙaro mata Turanci mai nauyi, malam."

Lafiyarsa ƙalau. Hutun kwana biyu kawai yake so daga maigidansa, ya je ya yi lodin fasinja da motar abokinsa. Mai buga takardu ya taɓe baki, ya zuba masa salon Turawa na kukan ciwo: jiri, duhun gani, kabari na kiransa. Gogan bai gane ko ɗaya ba, tsawon kalmomin ne ya burge shi.

Maigidan ya karanta sau biyu, ya miƙo hannu.

"Sannu, bawan Allah. Kawo makullin. Mai wannan ciwon ba zai ƙara tuƙa min yara ba."