Amanar Barmo

"Sa hannu a nan, Shafa'atu, mai sayen gidan yana jira," in ji Yaya Nasser, wan mijinta.

Kwana arba'in ke nan da rasuwar mijin nata, Barmo. Tana cikin takaba, kuma in aka sayar da gidan nan na unguwar Soundview a nan ƙasar waje, ba ta san inda za ta kai 'yarta Rahina ba.

"Yaya, mu kuma fa?"

"Ɗaki ɗaya ya ishe ku. Da bakinsa ya ce mini ya bar gidan a amana. Wa zai ba wa amana in ba ni ba?"

Lauyan da Nasser ya kawo ya duba takardun. Ya ce a ƙasar nan amana rubuta ta ake yi. Tun bara gidan ya zama na Rahina, ba mai sayar da shi sai mai riƙon amanar.

"To, ai ga ni," in ji Nasser.

Lauyan ya juyo takardar. Shafa'atu ta ga sa hannunta a gurbin mai riƙon amanar, wanda ta yi bara tana tsakiyar tuƙa tuwo, ranar da Barmo ya ce mata takardar makarantar Rahina ce.

Ta rufe biron a hankali.

"Yaya, in kawo maka ruwa kafin ka tafi?"