Izinin Shiga Gari

"Ku tsaya! Ku su wane ne?"

Ganguna suka yi tsit. Wani dattijon ɗan sanda yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar titi, gaban sojoji da takubba tsirara. Haka al'adar take a nan Ostireliya: in gari ya karrama runduna da izinin shiga da makami, sai ɗan sandansa ya tare ta tukuna, kamar bai taɓa ganinta ba. Tsoronsa ɗaya, kada muryarsa ta karye gaban jama'a.

"Daure, tsoho, kar ka ba mu kunya!" matarsa ta ƙwalla daga ƙofar gidan burodi. Aka kwashe da dariya.

Kwamandar, wata matashiya, ta ɗaga takardar majalisar gari, ta faɗi sunan rundunarta da ƙarfi. Sannan ta rage murya: "Baba, wannan tumbi fa? Yanzu kam ba zan iya goya ka ba."

"Ku wuce, da yardar garin nan!" Muryarsa ta fita garau. Ya ja gefe, ya ƙame, ya sara mata.

Bara, da kogi ya cinye garin, ta wannan titin sojojin suka shigo a kwale-kwale, kwamandar ta sauko da shi a goye daga rufin gidansa. Ranar ba wanda ya tambaye su takarda.