Lambar Jikin Batir da 'Ya'yan Tarwada

Kawu, kafin ka sayi batirin nan saboda lambar da ke jikinsa, bari in ba ka misalin wani mai kiwon kifi. Mutumin nan gonar gadonsa ya sayar, ya gina tankuna huɗu a bayan gida, ya zuba 'ya'yan tarwada da ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba. Ransu duka yana hannun wani inji da ke juya musu ruwa, in ya tsaya iska ta ƙare musu. Don gudun ɗauke wuta ya sayo ƙaton batir, an rubuta ɗari biyu ɓaro-ɓaro a gefensa. Kuma fa bai yi sakaci ba, ya gwada shi. Ya jona masa ƙwan fitila guda, ƙwan ya kwana biyu yana ci. Sai ya ɗauki biro ya raba ɗari biyun da abin da injin ke sha, takarda ta ba shi awa goma sha biyu. Ran da surukinsa ya rasu, a tsakiyar bazara, aka ɗauke wuta da hantsi. Za su tafi jana'iza, matarsa ta tsaya a ƙofa tana waiwayen tankunan, ya ce, "Taho mu je, kafin batirin ya gaji mun dawo."

Abin da ba a gaya masa ba, ita lambar nan ana samo ta ne a ɗaki mai sanyi, ana tsotsar batir a hankali har awa ashirin. Fitila kurɓa take yi, inji kuwa kwankwaɗa. In aka ja da ƙarfi batir ba ya ba da duk abin da aka rubuta masa, inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, ta ci rabonta, ta kuma kashe kanta tun bai ƙare ba. Wa zai auna tafiyar jaki bayansa ba kaya, ya ce haka zai yi da buhu uku? Maƙwabta sun ce suna alwalar azahar suka ji injin ya yi shiru. Da la'asar sakaliya mutumin ya dawo, tun daga zaure wari ya tare shi. Ruwan ya yi ɗumi, kifayen sun taso sama, farin cikinsu a waje, ƙudaje sun riga shi zuwa. Ya tsuguna gaban batirin, ɗari biyun na nan yadda take, ko ɗigo ba ta goge ba. Gona ta tafi, kifi ya tafi.

Ka ga, Kawu, gaskiyar Hausawa ce: ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.