Awo Biyu

Tun da aka kafa wata sabuwar doka, duk injiniyan da ya zana dandamalin haƙar mai a teku sai ya kawo ɗan'uwansa na jini ya kwana shekara guda a ɗakin ƙarƙashin ruwa. In babu, ba a kafa dandamalin, shi kuma ya bar aikin har abada.

Saura kwana uku wa'adin Injiniya Barira ya cika, shi ya sa ta taso har Azare, shagon ɗinkin wanta Mamuda. Ta yi sallama, bai ɗago daga kan keke ba.

"Yaya, ina wuni?"

"Shekara takwas ba ki tako garin nan ba. Ko rasuwar Inna waya kika bugo. Sai yau da kike neman wanda za ki cusa cikin ruwa?"

"Ƙafafun dandamalin huɗu ne, Yaya, kowacce ni na yi lissafinta. Wallahi ba abin da zai same ka."

Ya fizge takardar daga hannunta, ya karanta a hankali. Bayan suna, gurbi biyu kawai aka bari a cike: tsawon mutum da faɗin kafaɗarsa.

"Shekara talatin ina ɗinki, Barira. Mai riga ana auna masa wuya da hannu. Wanda ake wa awo biyu kaɗai, likkafani za a yanka masa."

Ta miƙa hannu za ta karɓi takardar.

Ya jefa mata takardar a ƙasa, ya taka kekensa. "Matsa, kin tare min haske."