Rabon Mamata

Sai da ta tsiyaya ɗigon farko na sabuwar kwalbar giya a ƙasa sannan ta tuna gwajin ɗaukar aiki ake yi mata. Shekara ashirin tana haɗa giyar rake a 'yar mashayar unguwarsu a Santiyago, hannu ya riga ya saba: ɗigon farko rabon mamata ne, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

"Baiwar Allah, nan otel ne, ba lungunku ba," in ji manajan, yana turo mata takardunta. "Wa ya koya miki ɓarna?"

Tsohuwa mai otel ɗin ta daɗe tana kallon jiƙaƙƙen daɓen daga kujerarta.

"Ɗauke ta aiki, ɗana. Tun da ka karɓi wurin nan, sai yau marigayi babanka ya jiƙa maƙoshi."