Kalwar da Aka Bar wa Gwauro

Kai da ka ce karatun Littafi Mai Tsarki ya gagare ka, matso ka ji. An yi wani manomi a ƙauyenmu, sai da furfura ta fito masa ya koyi karatu, yana bin baƙaƙe da yatsa. Shekarar da matarsa ta rasu, ya buɗe Littafin neman sanyin zuciya, sai ya faɗa kan labarin wani bawan Allah da ya rasa 'ya'yansa duka rana ɗaya, ba da laifin komai ba. Ya karanta, ya sake karantawa. Yaya Allah mai ƙauna zai bar wannan ya faru? Ya rufe Littafin ya cusa shi a jinkar ɗaki. Lahadi huɗu ana buga ƙararrawar sujada, shi ko yana zaune a gida ya juya mata baya.

To, marigayiyar 'yar daddawa ce, ta bar rabin buhun kalwa. Kewar miyarta ta ishe shi, ya ɗora tukunya. Namiji da aikin da bai sani ba! Ruwa na tafasa sau biyu ya ɗebo ƙwaya ya ciza, saura kaɗan haƙori ya tafi. Ya sungumi tukunyar zai juye a juji, sai ga tsohuwar maƙwabciyarsa, ƙawar matar tasa, ta leƙo ta kan danga.

“Haba, Baban yara! Wa ya ce maka ana sauke kalwa don ta yi tauri? Itace ake ƙara mata.”

Ya mayar da ita kan wuta. Wuni guda yana tura itace. Ta sa shi ya surfa da toka, ya wanke, ya sake dafawa, suka juye a kwando suka lulluɓe da ganye. Kwana biyu wari ya cika gidan, ya ce shi ke nan, ta ruɓe. Tsohuwa ta ce kul ya taɓa. A rana ta uku ya ɗaga ganyen. Abin nan da ya kusa karya masa haƙori ya latsa shi da yatsa ya narke, ƙamshin miyar matarsa ya bugi hancinsa. Shi bai ga abin da ya faru a ƙarƙashin ganyen ba, ba kuma hannunsa ne ya yi ba. Ya durƙusa nan gaban kwandon yana hawaye, ya ce, “Ya Ubangiji, ashe kana aiki a inda ido ba ya kaiwa.”

Ya zaro Littafin daga jinka, ya karkaɗe ƙura. Kada ka ce ya gane labarin nan a ranar. Bai gane ba. Ya dai sa tsinke a shafin, kullum da safe ya koma masa, ran Lahadi kuma ya riga mai ƙararrawa isa majami'a. Ai Hausawa sun faɗa: mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.