Wanzami da Tsatsar Sabuwar Aska

Tunda ka ce ka riga ka san wanda ya ɓata maka aiki, zauna in ba ka wani misali kafin ka je ka same shi.

An yi wani wanzami mai son kayan aikinsa kamar ransa. Yana da amini maƙeri, wanda tun suna samari shi ke ƙera masa asake. Wata shekara maƙerin ya zage ya ƙera masa wata aska da bai taɓa yin irinta ba. Ƙarfen ya sha wuta ya sha guduma har ya yi siriri kamar ganyen rake, aka sa mata ƙota ta baƙar zuciyar kanya. In ka ɗora sili ɗaya na gashi a bakinta, kafin ka hura ya rabu biyu. Wanzami ya juya ta, ya sake juyawa, ya ga ai wannan ta wuce a jefa ta cikin zabira tare da ƙahoni da tsofaffin asake. Sai ya nufi wurin wani masassaƙi da ya sayi guntun itace a hannun fataken kurmi, irin itacen da babu wanda ya san sunansa a garin, ja wur, da baƙaƙen jijiyoyi kamar an zana su. Aka sassaƙa wa askar ɗan mazauni, ta kwanta a kai a buɗe, ya ajiye a rumfarsa. Har masu sanƙo sai sun tsaya kallo.

Ana nan, aka kira shi askin suna. Ya ce yau ce ranar sabuwar aska. Ya ɗauke ta cikin sauri, ya isa gidan, aka miƙo masa jariri. Yana ɗora ta, maimakon ta zame sai ta ja gashi. Yaro ya tsandara ihu, ɗan jini ya tsatso a bayan kunne. Kakar jaririn ta leƙo ta ce, "Wanzami, yau kuma da lauje ka zo mana?" Mata suka kwashe da dariya. Da tsohuwar askarsa ya ƙarasa aikin, kansa a sunkuye. Da ya fito ya ɗaga sabuwar a rana, sai ya ga tsatsa ta bi bakinta ta cinye kaifin.

Ya mayar wa maƙeri, aka goge aka wasa, ya dawo da ita mazauninta. Ba a jima ba tsatsa ta dawo. Daga nan wanzami ya yanke hukunci: duk wanda ya zauna a gabansa aski, sai ya ji cewa maƙeri ya fara haɗa ƙarfe da algus. Bakin wanzami kuwa kasuwa ne. Manoma suka fara kai fartanyarsu wata maƙerar. Da maganar ta kai kunnen maƙeri, abin da ya ce kawai shi ne, "Ni dai na san abin da na sa a wuta." Aminai suka koma ko gaisuwa sai a ciki-ciki.

Amma wanzamin nan mutum ne da ba ya iya barin tambaya ta kwana a ransa. Wata rana da hantsi, babu mai aski, ya ɗauko askar yana nazarinta. Sai ya lura gefen da ke kallon sama tas yake, tsatsar duk a gefen da ke kwance ne. Ya ce a ransa, in ƙarfen ne ba shi da kyau, don me zai lalace ta gefe ɗaya? Ga shi ana tsakiyar rani, ko raɓa babu. Sai ya goge ta ya jefa cikin zabira, ya ɗauko tsohuwar askar da ta ci damina da yawa ba ta taɓa ko ɗigo ba, ya kwantar a kan mazaunin. Da aka kwana biyu ya duba: ta zabira tana ƙyalli, tsohuwar ta yi dabbare-dabbare. Abin ya ƙara ɗaure masa kai. Ya aro allurar matarsa ya ɗora, ita ma ta yi ja. Ya sa wuƙa ya ɗan ɓanƙare gindin itacen, sai ga cikinsa da danshi, bakin wuƙar ya yi baƙi nan take. Ya sansana, ya ɗan lasa, ya ji tsami kamar na ɗanyar tsamiya. Ashe itacen bai gama bushewa ba, guminsa ne ke cin ƙarfe.

Ya kwashi asake biyun da mazaunin ya tafi maƙera, ya ajiye a gaban amininsa, ya ce, "Na zalunce ka. Duba ka gani." Maƙeri ya saki zuga-zugi, ya ɗauki itacen ya kai hanci, ya daɗe yana juya shi. Can ya ce, "Ikon Allah! Na san ƙarfe na cin itace, ban taɓa jin itace ya ci ƙarfe ba." Suka zauna suna ta gwada shi da ƙusa da guntun ƙarafa, har suka manta da fushi. Wanzami ya koma yana warware maganarsa ga duk wanda ya aske, sai dai wasu manoman sun riga sun saba da sabuwar maƙera, ba su dawo ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce: ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.